Gardamar da Aka Riga Aka Yi

A zangon karatun da ya wuce wani ɗalibina na digiri na biyu ya kawo mini shawarar batun kundinsa. Yaro ne mai ƙwazo, kuma ya rubuto shafi goma sha biyu cikin tsabta. Abin da yake so ya yi shi ne ya gabatar da abin da ya kira sabuwar hanyar rubuta Hausa, inda za a riƙa ninka wasali duk inda yake dogo, domin mai karatu ya bambance garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi: na farko garii, na biyu gaarii. A shafi na uku ya rubuta jimlar da ta sa na ajiye alƙalami, wai iyakar saninsa babu wanda ya taɓa kawo wannan shawara. Na tambaye shi inda ya nema. Ya ce ya duba intanet, ya kuma duba kundaye huɗu na waɗanda suka gabace shi a sashe. Na ce masa, "Malam, ƙasar nan da kake zaune cikinta ta yi kimanin shekara goma sha huɗu tana rubuta Hausa yadda kake cewa ba a taɓa yi ba."

Ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa nake wannan rubutu. Jimlar nan ta "iyakar sanina ba a taɓa yi ba" ta zama kamar bisimillar kundayen ɗalibanmu, ana buɗe babi na ɗaya da ita ba tare da an tsaya an auna nauyinta ba. Alhali da'awa ce babba. Wanda ya ce ba a taɓa yi ba yana cewa ne ya zagaya ko'ina ya duba. In bai zagaya ba, to shaidar zur ya yi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya. Kalmar "iyakar sanina" da ake liƙawa a gaba ba ta wanke kowa, domin ɗalibin ilimi shi ke da alhakin faɗin iyakar saninsa.

Bari in faɗa muku abin da ɗalibin nan bai nema ba, don da yawanku ma ba ku san shi ba.

Daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris na 1966, hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin a daidaita haruffan rubuta wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci. Daga cikin abin da taron ya fitar game da Hausa akwai ninka dogon wasali. Nijeriya ba ta bi ba. Tana da nata tsarin da ya riga ya kafu: Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa tun 1912, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, a zamanin R. M. East aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairun 1939, ta kuma koya wa dubban mutane karatu da wannan tsari. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ƙara tabbatar da shi. Mu kuwa a Nijar, da ba mu gaji irin wannan tulin ɗab'i daga Faransa ba, sai muka rungumi tsarin Bamako. Da shi aka yi yaƙi da jahilci a karkara. Ku dubi sunayen jaridun da aka riƙa bugawa domin sabbin masu karatu, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, za ku ga ninkin tun daga sunan. Cikin wannan zamani ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973.

A watan Janairun 1980 aka yi wani taro a Yamai, a cibiyar CELHTO ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, inda masana daga ƙasashen biyu suka zauna domin haɗa rubutun wuri ɗaya. Bayan wannan taro Nijar ta bar ninka wasali. Dokar ma'aikatar ilimi mai lamba 212 ta shekarar 1999 ta sake tabbatar da ƙa'idojin da muke bi yau. Babban abin da ya rage tsakaninmu da maƙwabta a ido shi ne harafin nan ƴ da nake amfani da shi a nan, wanda su suke rubutawa da waƙafin sama da y.

To, wannan duka ba tarihin Kisra ba ne. Akwai malaman da suka koyar da tsarin Bamako suna nan da ransu a Maraɗi da Tawa da Damagaram, sun yi ritaya, suna zaune a ƙofar gida. Amma jikansu a jami'a yana rubuta cewa ba a taɓa yi ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce abin da aka yanke a 1980 wahayi ne ba. Ɗalibin nan yana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Gaskiya ne rubutunmu yana ɓoye abubuwa. Wanda ya ga "ya tafi" a tsakiyar shafi ba zai san ko labari ake ba shi cewa an riga an tafi ba, ko kuwa umurni ne ake isarwa, sai ya dubi abin da ke gaba da baya. Baƙon da ke koyon Hausa yana shan wahala da wannan, haka ma yaron da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, kuma irin waɗannan yara suna da yawa a azuzuwanmu. Duk wanda ya koyar ya san haka. Saboda haka ƙofar gardamar a buɗe take. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya shigo ta cikinta yana tafiya kamar shi ya fara taka ƙasar.

Domin da ya nemo tsohuwar gardamar, da ya tarar da tambayoyin da dole ya amsa kafin kowa ya saurare shi. Ninka wasali rabin magani ne. Kukan yaro da kukar miya duka kuukaa za a rubuta su, karin sauti ne kaɗai ya raba su. Ma'aikata masu aiki da ma'aikata wurin aiki tsawon wasulansu ɗaya ne. In manufar ita ce a kawar da shubuha, to sai a ɗora alamun karin sauti a kan kowace gaɓa, kuma a nan ne shafi ke komawa kamar gonar da kaji suka yi tono. Sannan wa zai ninka? Bahaushe yana furta dogon wasali daidai ba tare da tunani ba, amma ka ba shi alƙalami ka ce ya nuna maka shi a ƙarshen kalma, sai ka ga ya tsaya yana maimaita kalmar a bakinsa. Ba jahilci ba ne. Manyan masu ƙamus ma sun yi tuntuɓe a wannan wuri, har Claude Gouffé, wanda ya yi aiki a kan Hausar Nijar, ya yi doguwar maƙala a 1965 yana nuna cewa ƙamusoshin da ake ji da su ba su daidaita tsawon wasalin ƙarshe ba. Abin da ya ba Bargery da Abraham wahala shi za a ɗora wa malamin firamare a ƙauye, da ɗan jarida mai gaggawa, da mai rubuta allon shago. Tsarin da ke sauƙaƙa wa mai karatu kaɗan, ya tsananta wa mai rubutu da yawa, sai an yi lissafi kafin a ce ya fi. Masu ƙamus sun daɗe da samun mafita: a nuna tsawo da karin sauti a ƙamus da littafin nahawu, inda ake bukatarsu, a bar rubutun yau da kullum sakayau.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace nauyi, wadda ba ta ilimin sauti ba ce sam. Yawancin abin da aka buga da Hausa a duniya an buga shi ne a Zariya da Kano da Kaduna. Yaron da aka koya wa karatu da wani tsari dabam, in ya ɗauki Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, zai ga rubutu baƙo. Marubucin Damagaram kuma da ya rubuta da ninki ya rage wa kansa kasuwa da hannunsa. Iyakar da Turawa suka ja ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram. Ashe mu ma sai mu ƙara mata wata iyakar ta haruffa? Mai son ya dawo da ninki yana iya samun amsar wannan. Wataƙila ya ce yau wayar hannu ta sauya lissafin. Madalla, ya kawo. Amma ya fara sanin cewa an yi tambayar.

Akwai wani misali da ya fi wannan ciwo, domin a nan amsar ce kanta ta ɓace, kuma ta ɓace a hannunmu. Shekara da shekaru ana koya wa ɗalibai cewa kalmar boko daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito. Ni ma haka aka koya mini, kuma na maimaita a aji kafin in san kaina. Da rikicin arewa maso gabashin Nijeriya ya sa kalmar ta shiga bakin duniya, jaridun Amurka da Ingila da Faransa suka ɗauki wannan bayani suka yi ta yaɗawa. A 2013 Paul Newman ya rubuta maƙala ya rushe shi. Hujjojinsa ba su da wuyar bi. Wasalin da ke cikin kalmar Ingilishin, in ya shigo Hausa, u yake zama, kamar yadda sunan mai dafa wa Bature abinci ya zama kuku. Da aro ne da buku za mu ce. Hausa kuma tana da littafi tun tuni, ba ta rasa sunan abin ba. Uwa uba, boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus da yaudara da abin da ba na ainihi ba, tana nan cikin Bargery, tana nan cikin amaryar boko da biri-boko. Mutanen da suka ga makarantar Nasara suka kira ta da sunan da suka ga ya dace da ita.

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, Newman da kansa ya nuna cewa Malam Liman Muhammad ya riga ya hango wannan tun 1968, cikin wani rubutu da bai yaɗu ba. Shekara arba'in da biyar ke nan magana tana kwance. Bahaushe ne ya faɗe ta, game da kalmar Hausa, a ƙasar Hausa, amma sai da wani ya tono ta daga Amurka sannan muka ji. Kuma har gobe ina karanta kundayen da ke cewa boko aro ce, ba tare da sun ambaci ko ɗaya daga cikin mutanen biyu ba. Wannan ba rashin basira ba ne. Kwafe ne daga kundin da ya kwafa daga kundin da ya kwafa.

Nan ne nake so ku lura da wani abu game da yadda ake neman tsohuwar gardama, don ya bambanta da neman littafi. Gardama sarƙa ce. Wani ya faɗa, wani ya mayar masa, na farko ya dawo, na uku ya shigo ya ce duk kun kauce. Wanda ya samo zobe ɗaya ya ɗauka ya samo sarƙar ya yaudari kansa. Ku dubi takaddamar da aka yi kan littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990. Kowane ɗalibi ya san Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, kuma kowa yana ambaton wannan laƙabi kamar hukuncin alƙali. Kaɗan ne suka san cewa an yi ta musayar raddi a shafukan jarida, musamman New Nigerian Weekly a hannun Ibrahim Sheme, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya a ɗaya gefen, mako bayan mako. Ɗalibin da ya ɗauki laƙabin ya bar raddin ya ba da rabin shaida, wanda kuma ya ɗauki raddin ya bar abin da ake mayar wa martani bai ma san me ake faɗa a kai ba. Duk rubutun gardama da ya zo hannunku, ku yi masa tambaya biyu: wa yake mayar wa, wa kuma ya mayar masa? In ba ku iya amsa su ba, aikinku bai ƙare ba. Ku nemi musamman maganar wanda aka kayar. Wanda ya yi nasara hujjarsa ta zama doka, tana cikin littafin aji. Hujjar wanda ya sha kaye ce ke ɓacewa, kuma ita ce ke dawowa bayan shekara talatin a bakin yaro tana kiran kanta sabuwa.

Ɗalibai za su ce, kuma sun sha faɗa mini, ai takardun ba sa samuwa. Akwai gaskiya a ciki. Yawancin abin da aka rubuta a nan Nijar kan waɗannan batutuwa rahotannin taro ne da aka buga da keken rubutu aka gurza kwafi kaɗan, da Faransanci. Na can ƙetaren iyaka da Ingilishi suke ko da Hausa, wasu muhimmai kuma da Jamusanci. Ɗalibin Yamai ba ya jin Ingilishi sosai, ɗalibin Kano ba ya jin Faransanci ko kaɗan, sai kowa ya tsaya a nasa ɓangaren yana tsammanin ɗayan ɓangaren daji ne. Amma wuya dabam, rashin samuwa dabam. Sau da yawa abin da ke hana ku samu ƙaramin abu ne mai ban haushi: sunan harshen kansa. Bafaranshe ya rubuta haoussa, Bajamushe ya rubuta Haussa, takardun Yamai na wani zamani sun rubuta hawsa. Wanda ya nemi Hausa kawai a kundin sunayen littattafai, ko na katin kwali ko na kwamfuta, kashi ɗaya ya nema cikin huɗu. Haka sunayen garuruwa da na mutane: Damagaram tana ƙarƙashin Zinder, Dogon Dutsi tana ƙarƙashin wani rubutu da ku da kanku sai kun yi hijja kafin ku gane shi. Kalmomi masu ƙ da ɗ kuma ku neme su da lanƙwasa, ku sake nemansu babu ita.

Kuma an riga an yi muku rabin aikin. Sergio Baldi ya tattara jerin abin da aka rubuta kan Hausa tun 1977, Newman ya fitar da nasa a 1996 ya kuma ci gaba da faɗaɗa shi. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988, ya bi tarihin ƙa'idojin rubutu da tarurrukansu da Hausa tsantsa, ba mai cewa harshe ya hana shi. Mujallar Harsunan Nijeriya ta Kano cike take da maganganun da kuke tsammanin ku kuka fara. A Yamai akwai CELHTO da IRSH da INDRAP, duk tafiyar ɗan tasi ce daga jami'a. Na tambayi aji guda na mutum ashirin da wani abu ko su nawa suka taɓa shiga ɗaya daga cikin ukun domin karatu. Hannu biyu suka tashi, ɗayan ma ya ce ya raka wani ne.

Laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Mu malamai mu ne muke sa hannu a kan kundayen nan. Mu ne muka mayar da babin bitar ayyukan da suka gabata jerin sunaye, wane ya ce, wane ya ce, ba wanda ya yi karo da wani, kamar masana ba su taɓa saɓani ba. Akwai kuma wata ɗabi'a da na gani da idona a wurin wasu manya: mutum yana da kwafin rahoton da babu irinsa, yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa, ba zai ba ɗalibi ba, ba zai bari a ɗauki hotonsa ba, wai kada a riga shi rubutu a kai. Shekara ashirin bai rubuta ba. Ranar da ya rasu magada su ga tarin tsofaffin takardu, rabi gara ta ci, rabi ya tafi wurin mai ƙosai. Na taɓa bin sawun wani rahoto wata uku, da na isa gidan aka ce mini an share ɗakin bayan sadakar arba'in.

Me ya sa na ɗauki abin da zafi yanzu? Domin a 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasar nan ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko mutum yana murna da wannan ko yana da ja, sakamakonsa ɗaya ne a wurinmu: za a bukaci littattafan aji, da kalmomin shari'a da na mulki da na asibiti, da masu fassara, da kwamitoci. Ku ne za ku zauna a kwamitocin nan nan da shekara biyar ko goma. Kuskuren da ke cikin kundin digiri yana kwana a kan kanta, ba ya cutar kowa sai mai shi. Kuskuren da ke cikin littafin aji ɗaya na firamare ana buga shi dubbai, a raba wa yara, a horar da malamai a kansa, a kashe kuɗin da ba mu da su, sannan bayan shekara goma a kira wani taro a warware. Mun riga mun yi wannan zagaye sau ɗaya, daga Bamako zuwa Yamai. Waɗanda suka yi shi suna da uzuri, don su ne na farko, ba su da abin dubawa. Ku kuna da shi.

Ɗalibin nawa ban hana shi batunsa ba. Na ce ya je ya nemo rahoton taron 1966 da na 1980, ya nemo aƙalla fitowa uku ta jaridar karkara da aka buga da ninki, ya kuma zauna da mutum biyu da suka koyar da manya karatu a wancan zamani ya tambaye su inda ɗalibansu suka fi yin kuskure, a karatu ne ko a rubutu. Ya yi wata biyu bai leƙo ofishina ba. Da ya dawo ya zo da rahoto ɗaya, na biyun bai same shi ba tukuna, da kuma hirar wani dattijo a Tasawa wanda ya ce masa shi har yau in zai rubuta wa ɗansa wasiƙa ninkawa yake yi, don hannunsa ya saba, ɗan kuma yana yi masa dariya. Har yanzu ɗalibin yana kan ra'ayinsa cewa a ninka, aƙalla a littattafan shekara biyun farko. Ni ban yarda ba, kuma na gaya masa. Ya cire jimlar shafi na uku, ya sa shafi tara a madadinta.